Ƙahon Fure Da Bakin Mai Sha



Furen da muka zo da maganarsa yau ba ya tsirowa a dajin ƙasarmu. Ɗan ƙasashen sanyi ne, wato Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, kuma irinsa sun kai wajen 70. Sunansa na ilmi Akwilejiya, an ce daga sunan gaggafa ne a harshen Latin, domin a bayan kowane fure akwai ƙahoni 5 masu kama da faratanta. A can ƙarshen ƙahon ne ruwan zaƙi yake taruwa.

Mai koyo launi yake fara kamawa. Mu ma haka muka yi, sai ranar da aka shimfiɗa mana busassun furanni a kan takarda, duk sun koɗe, muka rasa ta cewa. Ashe ko a ɗanye launi mayaudari ne: coerulea, wanda Jihar Kolorado ta ɗauka furenta a 1899, shuɗi da fari aka san shi, amma akan same shi fari fat. Abin dubawa shi ne ƙaho, da inda furen ya fuskanta, da wurin da ya tsiro.

Na Turai, vulgaris, ƙahonsa gajere ne, ya lanƙwashe kamar ƙugiya, manyan ƙudan zuma ne baƙinsa. Na gabashin Amurka, canadensis, ja ne da rawaya, kansa a sunkuye.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne duwatsun Siyera Nebada na Kalifoniya, inda iri 2 suke maƙwabtaka. Formosa yana bin bakin rafi da wurare masu damshi, ja ne, a sunkuye, ƙahonsa bai wuce santimita 2 ba. Mai shansa wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne da ke tsayawa cak a iska ya zura baki ta ƙasa. Pubescens kuwa sai an hau can sama, cikin busassun duwatsu inda itatuwa suka fara ƙarewa. Fari-fari ne, yana kallon sama, ƙahonsa ya ninka na maƙwabcinsa, domin baƙonsa malam-buɗe-littafin dare ne mai dogon harshe, wanda fari ya fi yi masa sauƙin gani da magariba. Verne Grant ya yi rubutu a kan waɗannan biyu tun 1952. A 2007 Whittall da Hodges suka nuna cewa a Amurka ƙahon tsawo ya yi ta ƙarawa duk sa'ad da furen ya sauya mai sha, daga ƙudan zuma zuwa tsuntsu, daga tsuntsu zuwa mai dogon harshe. Na longissima a Teksas yakan kai santimita 15!

To, ga inda gizo ke saƙar. A tsakiyar hawa, inda rafin formosa ya ratsa duwatsun pubescens, sukan yi barbara su haifi 'yan ruwa biyu: launi ruwan hoda, ƙaho tsaka-tsaki, fure ya kalli gefe. Wanda ya tsinko irin wannan bai rubuta tsawon wurin da yanayin ƙasarsa ba, ya bar wa na baya rigima, har wani ya zaci sabon iri ne ya raɗa masa suna. A ganinmu, takardar da ba wuri a jikinta rabin aiki ce, kome kyawun furen da aka manna mata.