Kafin Ka Ce Ya Ƙone

 

Yau a kan ƙaramin abu za mu tattauna: jirgin ƙasa da motar wasan yara masu aiki da batir, irin waɗanda ake sayowa a kasuwar Jimeta da sallah. Kafin a gama yawon sallah abu ya tsaya cak, yaro na kuka, maigida ya jujjuya shi ya ce, "Ai ya ƙone," a wurga shi bayan ɗaki. To, yawancinsu ba ƙonewa suka yi ba. Wuta ce ta rasa hanyar wucewa.

Mu nan layin dogo bai taɓa isowa Yola ba. Wanda ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964 shi ne makusancinmu. Shi ya sa yaranmu da dama jirgin roba suka fara gani kafin na gaske. A wasu ƙasashen kuwa, manya masu furfura ne ke wannan harka. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, har yau yana ƙera ƙananan jirage. A birnin Hamburg akwai Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo na fiye da kilomita 15 a cikin gini. Irin waɗannan jirage ta kan dogon suke ɗaukar wuta, ta bi ƙafafu ta shiga inji. Kuma abin da ya fi tsayar da su shi ne datti, wani siririn datti a kan dogo da ƙafafu wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Masu harkar sun saba, gogewa suke fara yi kafin su taɓa sukurdireba. Idan ƙura na damun jirgin da ke cikin ɗaki a Turai, ina ga wanda ake ja a tsakar gida a unguwar Dubeli cikin hunturu?

Saboda haka bi wutar daki-daki, kamar mai bin tiyon ruwa yana neman inda ya toshe.

Fara da batir. Ƙaramin batir na rediyo bolt 1.5 yake bayarwa, amma kada mita ta ruɗe ka: batir mai rauni zai iya nuna lafiya lau a zaune, da an ɗora masa inji ya durƙushe. Auna shi alhali abin yana kunne. Kada a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa, ya kuma fara zubar da ruwa. Wannan ruwan ne ke bushewa ya zama farin gari a kan sufirin. Cire batir, ka kankare wurin da sanfefa mai laushi har ƙarfen ya yi haske. Idan batirin alkalin ne, ɗigon lemun tsami a jikin auduga yana narkar da garin. Ka shanya sosai, ka wanke hannu, kada ya shiga ido. Sufirin ɗin da ya kwanta kuma, ɗan jawo shi ya riƙa danne batir.

Sai makunni. Kunna ka kashe sau da yawa. In abin ya yi motsi ya tsaya, ƙura ce ko tsatsa a ciki. Daga nan buɗe cikin, ka ɗan ja kowace waya a hankali. Wayoyin siraru ne ƙwarai, kuma wurin da aka liƙa su da dalma yakan tsage saboda faɗuwa da jijjiga. Waya na iya zama a wurinta a ido, alhali ta riga ta rabu.

Yanzu inji. Ɗauki wayoyi biyu ka haɗa batir kai tsaye da ƙafafun injin, wato inda wayoyinsa suke manne. Ya juya? Lafiyarsa ƙalau, matsalar tana baya. Yana gurnani amma ba ya juyawa? Leƙa gindin taya. Nan za ka tarar da zare, da gashin kitso, da yashi sun nannaɗe sandar tayar. Wannan shi ne mai kashe inji da gaske, domin injin da aka danne yana jan wuta fiye da ƙima, ya yi zafi har wayar cikinsa ta ƙone. Tsince su da allura. Maganar mai kuwa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Na roƙe ku, iyaye mata, ban da man gyaɗa. Daskarewa yake yi ya kama ƙura.

Sai duk waɗannan sun wuce za a zargi allon lantarkin da ke ciki, shi ma sai an ga baƙin tabo ko an ji ƙauri. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne. Kuma wannan tsari shi ne dai na tocila da fankar caji.

In za ka yi gyaran, zaunar da yaron kusa da kai. Wanda ya iya haɗa motar kara da hannunsa ba zai kasa gane hanyar wuta ba.

Amma abu biyu ba na yara ba ne. Na farko, batirin kayan wasa masu caji, wanda yawanci na litiyom ne mai bolt 3.7, wanda ke cika a 4.2. Zafin Yola na watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40; kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, kada a jona masa cajar da ba tasa ba, kuma in ya kumbura a daina amfani da shi, kada a huda shi. Na biyu, batir mai kama da maɓalli: idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Kada a sa shi amai, kada a jira a gani, a garzaya asibiti nan take.