Hutun annoba da lissafin damina a Arewa

A watan Maris na 2020 gwamnatin Nijar ta rufe makarantu saboda cutar korona, ba a sake buɗe su ba sai 1 ga Yuni. Rufewar daidai ce, lokacin buɗewar ne matsala. A ƙauyukan Dogondutsi da Tibiri, Yuni watan shukar hatsi ne, daga nan sai noman fari, kuma uba ba zai bar gona ta cika da ciyawa don a rama karatun Afrilu ba. Ga azuzuwan zana da na kara, waɗanda hadari ɗaya ke kwashe rufinsu ya jiƙa allo da littattafai. Yaron Yamai ya koma aji, na karkara ya ɗauki hauya.

Wasu za su ce jarrabawar BEPC ta ƙasa ce, dole kalanda ta zama ɗaya. Gaskiya ne, amma 'yan ajin jarrabawa kaɗai wannan ya shafa. Kamata ya yi a ce an tara su a azuzuwan siminti, sauran an rage musu hutun Disamba da na Maris na shekarar karatun da ta biyo baya, lokacin da hatsi yake rumbu.