Jawabin Babban Mai Ƙaddamarwa a Bikin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Dala, Gwammaja

 



Birnin nan da ake zuwa fatauci cikinsa daga ko'ina, ƙauye ne ya haife shi, ƙauyen maƙera da mafarauta a gindin dutsen Dala da ke tsaye kusa da mu. Tama ce ta jawo su. Masu binciken kufai sun tono wuraren narka ƙarfe a Dala, suka ce aikin ya kai ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano kuwa ya ba mu labarin Barbushe, wanda yake zaune a kan dutsen, jama'ar kewaye suna zuwa jin abin da zai faɗa. Bautar Tsumburbura da suke yi Musulunci ya shafe ta, alhamdu lillahi. Amma a nan aka fara sanin wurin da ake kai ƙara, ake jiran umarni, tun kafin Sarki Bagauda ya zo a 999, tun kafin Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa.

Daga baya sarauta ta sauka daga dutsen. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi. Duk da haka iko bai yi wa wannan yanki sallama ba. Hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dala a nan Gwammaja take. A nan Malam Aminu Kano ya zauna, talakawa suna yi masa sallama ba shamaki, har Allah ya karɓi ransa a 1983. Gidansa na Mumbayya yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

To, jama'a, yaya muka riƙe dutsen? Ku hau ku gani. Gine-gine sun matse gindinsa, ruwan damina yana zaizaye shi, shara ta samu wurin zama. Wannan abu yana ci mini rai, domin akwai yaran da aka haifa a inuwarsa, ba su taɓa jin sunan Barbushe ba.

Shi ya sa na karɓi wannan gayyata da hannu biyu. Matasan da suka rubuta littafin nan sun sauke nasu nauyin, Allah ya yi musu albarka. Saura mu. Ina roƙon masu hali su sayi kwafi su kai makarantun firamare da Islamiyyu. Ina roƙon Ƙaramar Hukuma ta killace dutsen, ta hana gini da zubar da shara a jikinsa, masu unguwanni kuma su sa ido.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan littafi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Kano lafiya.