Wasa a Ajin Share Fage: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan ajin share fage, wato ajin da ke karɓar 'yan shekara biyar kafin su shiga aji ɗaya. Duk wanda ya leƙa irin wannan aji a yawancin makarantunmu ya san abin da zai tarar. Yara sun jeru a kan tabarma, malama tana gaban allo da tsumagiya, tana nuna harafi suna maimaitawa har a jiyo su daga bakin titi. In an gama sai a ce su kwafa. Iyaye su ga littafi ya cika, su ce malama tana ƙoƙari. Amma ɗebo tsakuwa bakwai ka ce wa yaron nan ya ba ka huɗu, sai ya tsaya yana kallonka, alhali yana iya rera ɗaya zuwa ɗari ba gargada.

Ba haka aka tsara ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda dukanmu muka karanta a kwalejin ilimi, ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma Dokar UBE ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya. Tunanin ma ya daɗe. Friedrich Froebel ya buɗe makarantarsa ta wasa a Jamus a 1837. Maria Montessori kuwa ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, a unguwar talakawa, domin 'ya'yan masu aikin ƙarfi. Muna jaddada wannan saboda masu cewa koyo ta hanyar wasa sai makarantun kuɗi.

Kayan aikin suna ƙofar gidajenmu. Yarinyar da ke carafke tana lissafi ne, tana kuma horar da yatsun da za su riƙe fensir gobe. Yaron da ya ƙera mota da karan dawa ya auna tsawo, ya gano cewa in ƙafa ɗaya ta fi sauran girma motar ba za ta miƙe ba. Babu wanda ya gaya masa, motar ce ta gaya masa. A ba su marufan kwalba, da gwangwanayen madara, da yashi a kusurwar aji, su kafa kasuwa. Nan za ka ji ciniki, da musu a kan canji, da sulhu. Nan kuma yaron da bai taɓa buɗe baki a gaban allo ba zai yi magana, domin shi ne mai tumatir.

Sau da yawa ana kawo mana karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai mai tanƙwara icce yakan duba inda ya karkata kafin ya sa hannu. Barin yaro ya zaɓi abin da zai yi ba sakaci ba ne, kuma bai ba malami damar zama yana latsa waya ba. Aikin ma ya fi na tsayawa gaban allo wuya: ka shirya wurin tun da safe, ka durƙusa ka lura, ka san lokacin da za ka jefa tambaya, “Gwangwani nawa za su cika kwanon nan?”, da lokacin da za ka yi shiru.

Mun san abin da ke ran wasunmu. Manufar ta ce malami ɗaya ga yara 25, alhali akwai mai fama da ninki biyu ko uku shi kaɗai. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma nan ne ƙungiya take da ta cewa. Muna roƙon reshe ya kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma buƙatar a daina mayar da wannan aji wurin ajiye malamin da aka rasa inda za a kai shi, a tura waɗanda suka karanci ilimin ƙananan yara, a kuma ba su mataimaka. Masu duba makarantu su ma a zauna da su, domin muddin yawan rubutu a littafi ne ma'auninsu, malama ba za ta yarda a same ta a cikin yashi da yara ba. Iyaye kuwa namu ne: a taron iyaye da malamai na zangon nan, kowace makaranta ta ajiye tsakuwa bakwai a kan tebur, ta kira yaro ɗaya daga ajin, su gani da idonsu.