Wa Ya Cancanci Bangon Mujallar Kiɗa?



Na duba mujallun kiɗa da aka ba ku aikin tsarawa. Kusan kowa hoton Shata ya ɗora a bango. To, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai rasa gata ba. Waƙoƙinsa na nan jibge a gidajen rediyo.

Ku leƙa karkarar Ɗambatta da Bichi da damina. Rabon gado ya tsattsaga gonaki, ƙwadago ya ture gayya, makaɗan noma sun tsufa, da yawansu ba magaji. Ku ɗauko hotunansu, da sunan kowanne, da taken da ya ke kaɗa wa manoma. Ku kuma ware shafi guda na ajami, don wanda ke bango ya karanta labarinsa da kansa.