Abu Biyu Masu Shanye Man Mota

Kaka ta yi, a-kori-kura za ta fara jigilar buhuna zuwa kasuwa. To, ku kula da abu biyu masu shanye mai a ɓoye.

Na farko, birki mai kamawa. Bayan tafiya, ku kai hannu kusa da kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi, mai yiwuwa birkinsa bai saki ba. Ku ɗaga shi da jek ku juya. In ya cije, sai wurin bakanike.

Na biyu, taya mai ƙarancin iska. Takan baje a ƙasa, inji ya yi ta faman ja. Ku auna iska kowane mako, da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Abin da kuka rage, kuɗin takin baɗi ke nan.