Ba'a da Mamata a Filayen Ƙwallon Ingila

A Ingila, magoya bayan da ke raka ƙungiyarsu wasan waje galibi a tsaye suke kallo har a tashi. An wajabta kujeru a manyan filaye ne bayan turmutsitsin filin wasan Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Sai a 2022 aka halatta tsayuwa inda aka kafa ƙarafan dafawa.

Abin takaici a waɗannan filaye shi ne waƙoƙin izgili da mamata. Ana tsokanar Liverpool da Hillsborough, ana yi wa Manchester United gori da haɗarin jirgin saman Munich na 1958 da ya kashe wasu 'yan wasanta, alhali iyalan mamatan suna ji.

A 2023 kotu ta haramta wa wani zuwa kallon ƙwallo shekara huɗu kan rigar da ke ba'a da mamatan Hillsborough. Hukuncin ya dace.